Gwanin da Ke Karanta Ruwan Kifinsa

Kifin ado da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Idan ruwansa ya ɓaci, sai dai a wayi gari a tarar da shi ya yi rigingine, alhali ruwan garau yake a ido. Shi ya sa masu wannan kiwo da suka goge suke burge ni. Sun koyi gane abin da ido ba ya gani, kuma babban abin da suke bibiya shi ne ma'aunin da ake kira pH, wato gwargwadon tsamin ruwa ko rashinsa.

Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak, Soren Sorensen, shi ya fito da wannan ma'auni a 1909, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kwafanhegan. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 ya karkata ga tsami, abin da ya haura ya karkata ga ɓangaren kanwa. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san tushen maganar, haka wanda ya ga yadda jan zoɓo ke rikiɗewa ya yi duhu idan kanwa ta taɓa shi. Ruwan gwajin da mai kifi ke ɗigawa a ƙaramar kwalba ma haka yake aiki: ya zama rawaya idan akwai tsami, kore a tsakiya, shuɗi idan an haura.

Abu na farko da gwani ya riƙe shi ne matakan ma'aunin nan ba ƙananan taku ba ne. Ruwa mai lamba 6 ya ninka mai lamba 7 tsami sau 10, mai lamba 5 kuwa sau 100. Sabon shiga yana ganin 7.5 ta koma 6.5 sai ya ce ai ɗaya kawai ta ragu. Kifin da ke shaƙar ruwan dare da rana ya san ba ƙaramin sauyi aka yi masa ba.

Sannan gwani ba ya auna ruwa ba tare da ya dubi agogo ba. A akwatin da aka shuka tsirrai, lambar takan hau da rana ta sauka da dare. Dalili kuwa, iskar kabon da kifi ke fitarwa tana narkewa cikin ruwa ta zama tsami mai rauni. Da haske ya samu, tsirrai su zuƙe ta, sai tsamin ya ragu. Da duhu ya shiga, tsirran su daina zuƙa, su ma su shiga fitar da ita. Don haka awon asuba daban, na la'asar daban, kuma wannan ɗan hawa da sauka ba cuta ba ne. Wanda bai sani ba zai firgita ya kama zuba magani. Wanda ya sani yakan auna a lokaci guda kullum, ya rubuta a littafi, don ya bambance numfashin akwatin na yau da kullum da matsala ta gaske.

Inda gwanintar ta fi fitowa, a ganina, shi ne sanin abin da ke riƙe da lambar. A cikin ruwa akwai gishirin kabonet da ya narke daga duwatsun da ruwan ya ratsa, masu kiwo suna auna shi da sunan KH. Aikinsa shi ne shanye duk tsamin da ya shigo. Muddin yana nan, pH ba ta motsi sosai. Amma ƙarewa yake yi a hankali. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a matatar ruwa su mayar da ita naitirait, daga nan naitiret, kuma wannan aikin nasu tsami yake haifarwa. Wata da watanni kabonet na shanyewa, lamba na nan daram, mai kifi na murna. Ranar da ya ƙare, sai lambar ta rikito ƙasa da 6 cikin ɗan lokaci.

A nan ake gane wanda ya iya. Idan tsami ya yi yawa haka, bakteriyar nan aikinsu yakan ja baya, amoniya ta taru. Sai dai a ruwa mai tsami, kusan dukkanta tana cikin siffar da ba ta cika cutarwa ba. A zafin digiri 25, kashin da ke da guba bai kai 1 cikin 100 ba a lamba 7, amma a lamba 8 ya kai wajen 5 cikin 100. To, mai kyakkyawar niyya da ya ga ruwa ya lalace ya kwashe mafi yawansa, ya cika da sabo mai lamba 8, ya haɗa wa kifinsa masifa biyu a lokaci guda: sauyin bazata, da farkar da gubar da ke kwance. Gwani kuwa kaɗan-kaɗan yake canjawa, yau ɗan kashi, gobe ɗan kashi, yana aunawa, har ruwan ya dawo hayyacinsa. Haƙurin nan daga fahimta ya fito.

Yana kuma tuhumar duk abin da zai shiga akwatin. Ruwan rijiyar burtsatse sau da yawa yakan fito da iskar kabon a cikinsa, don haka yakan ɗebo shi a bokiti ya bar shi ya kwana, ya sake aunawa, sai ya ga lambar ta hau. Wannan ta biyun ita ce ta gaskiya. Dutsen ado kafin ya sa shi sai ya ɗiga masa ruwan kal. In ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a jikinsa, zai ɗaga lambar, kamar yadda bawon katantanwa da murjani ke yi. Guntun itace da busassun ganyaye kuwa sukan rina ruwa ya yi ja-ja-ja, su ja shi zuwa tsami.

Wace lamba ce daidai? Sai an tambayi asalin kifin. Kifayen Tafkin Malawi masu launi sun saba da ruwa mai lamba wajen 8, na Tafkin Tanganyika ma sun fi haka. Ƙananan kifayen Kogin Negro na Barazil kuwa a baƙin ruwa mai tsami suka tashi, inda lambar ke sauka ƙasa da 5. Akwai wani ɗan kifi mai jan ciki da ake kira kiribensis, wanda asalinsa kogunan kudancin Nijeriya da Kamaru ne, yau ga shi a gidaje a Turai da Amurka. An gano cewa tsamin ruwan da 'ya'yansa suka tashi a ciki yana shafar yawan mazan da matan da za a samu. Gwani ba ya haɗa kifin Malawi da na Negro a gilashi ɗaya, komai kyan da za su yi.

Duk da haka, yawancin kifayen da ake sayarwa a shago a gona aka ƙyanƙyashe su, kuma suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 8 muddin lambar ba ta yawo. Don haka ƙwararru ba su cika ɗokin kwalaben magungunan ɗaga lamba da sauke ta ba. Sun fi son su zaɓi kifin da ya dace da ruwan unguwarsu. Wannan ilimi ne kuma da zai amfani masu kiwon tarwaɗa a tankunan roba a bayan gida, domin amoniya da tsami haka suke aiki a can ma, ga kifi cunkushe, ga abinci da yawa.

Mai karatu, idan kana da akwatin kifi ko kana shirin saye, ka haɗa da kayan awon pH da na KH tun ranar farko. Ka auna ruwan gidanka bayan ya kwana a bokiti, ka rubuta lambar, sannan ka tafi zaɓen kifi.