'Yan Amshi, Mutanen da ke Bayan Makaɗin Fada

Ka zauna a majalisar dattawa a Dangamaji ko a bakin kasuwar Jega, wani ya kunna waƙar Musa Ɗanƙwairo a waya. Kafin gindin waƙar ya ƙare kowa ya san mai ita. Amma ka tambayi sunan mutum ɗaya cikin masu karɓa masa, ko wanda hannunsa ke kan kotso, sai wurin ya yi tsit. Wannan shirun ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin rabin daɗin waƙar fada daga bakin waɗannan mutane yake fita.

Waƙar fada aikin ƙungiya ce. Jagora yakan jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su cafe, su ƙarasa, su komo kan gindi. Wani lokaci ma farkon magana kawai zai ɗauko ya saki, su kai ta inda za ta, abin da manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suke kira ƙari. Duk wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kunnen basira zai ji sau da yawa yaransa ne ke ɗauke da dogon zance, shi kuwa yana tuƙi. Kuma galibi bakin da ke amshin, mai shi ne ke kiɗan. Kotso na rataye a kafaɗa, hannu ɗaya na bugun fatar da aka manna wa nake a tsakiya, ɗayan na matsa tsarkiya don muryar gangar ta hau ko ta sauka, numfashi kuma na jiran gaɓar da za a shigo. Mutum biyar ko shida su shigo tare kamar bakinsu ɗaya. Ga sanƙira can gefe yana kirari yana fayyace wanda ake nufi.

A Turai akwai makamancin wannan sana'a. Babbar ƙungiyar makaɗan birnin Biyana ta faro a 1842, ta Balin a 1882. Mai goge ko mai busa a irin waɗannan ƙungiyoyi yakan yi shekaru a makarantar kiɗa, a jarraba shi kafin a ba shi kujera, a wurare da yawa a bayan labule don alƙalai su ji hannu ba su ga fuska ba. In ya samu, yana da albashi da fansho, sunansa na cikin takardar taro. Makaɗan Balin su ne ma ke jefa ƙuri'a su zaɓi jagoransu. Kiɗansu a rubuce yake, yana gaban kowa a buɗe.

Namu ba su da takarda. Kansu ne littafin. Ɗan amshi yakan riƙe waƙoƙi masu yawa da salsalar sarakuna, wane ya haifi wane, wa ya ci wane gari, wane zambo ake yi wa wane ɗan sarki, kuma a gaban wa ba a yin sa. In ya yi tuntuɓe a gaban sarki ranar hawan salla, ba gyara. Makarantarsa gida ce, yawanci ta gado: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, in Allah ya ba shi murya da fasaha wata rana ya ja nasa. Ɗanƙwairo kansa haka ya taso, a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan a bayan yayansa Kurna a Maradun. Laƙabin da duniya ta san shi da shi ma daga wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya, Ƙwairo, ya samo shi. Sunan ɗan amshi ɗaya ke nan da ya tsira, shi ma don ya manne wa ɗan ubangida.

Abincinsu kuwa a hannun sarki yake: doki, riga, rawani, damman hatsi, kuɗi. Jagora ne ke karɓa, shi ke rabo, adalcinsa shi ne albashinsu. Da damina ta faɗi sai gona. Muddin fada na da ƙarfi, tsarin ya riƙe su, kamar yadda ya riƙe ƙungiyar Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi da ta Aliyu Ɗandawo a Argungu da Yawuri. Da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya biyo baya, sai aljihun fada ya ƙanƙance, makaɗa suka juya ga attajirai da 'yan siyasa. Daga baya fiyano da situdiyo suka zo, na'ura ɗaya ta maye gurbin masu kotso biyar. Jagora yana iya sauya salo ya ci gaba. Ɗan amshi fa? Ranar da ubangidansa ya rasu, in babu magaji, ranar sana'arsa ta mutu.

Ko a wajen fada haka abin yake. Marigayi Gambu na Fagada, a ƙasar Maiyama, ya yi suna har inda ba a zato, amma masu kalangunsa da masu karɓa masa ba a cika ambatonsu ba.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991. Yaran da suka tsaya a bayan makaɗan zamaninsa, waɗanda suka rage, tsofaffi ne yanzu. Ina roƙon ɗalibanmu na Hausa a jami'o'in Sakkwato da Birnin Kabi, da ma'aikatan gidajen rediyonmu, su neme su a garuruwansu, su naɗi muryarsu, su tambaye su yadda ake shirya waƙa da yadda ake rabo, su rubuta sunan kowane ɗaya tun yana da rai.