4.3 Matsalolin Fito da Jatau na Kyallu a Dandali: Misali Daga Kakuri

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, Shu'aibu Maƙarfi ya fara tsara wasanninsa ne domin rediyo a Kaduna, kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau na Kyallu a 1960. Wannan asali shi ne matsala ta farko ga duk mai son fito da wasan a dandali. Mai sauraron rediyo kunne kawai yake bayarwa, don haka marubucin ya zuba rahar wasan a cikin magana: habaici da zambo da gatse da karin magana. Mai kallo kuwa da idonsa ya zo, idan aka bar mutum biyu zaune a tabarma suna doguwar hira, tun kafin a kai ga abin dariyar ya fara hamma.

A gwajin da mai wannan bincike ya yi tare da wasu matasa a Kakuri, an gajarta irin waɗannan hirarraki, aka sa 'yan wasa su riƙa magana suna aiki, wannan na ƙirga kuɗi, waccan na ɗaura ɗankwali. An kuma mayar da fam da sule zuwa naira, tunda tun 1973 aka daina amfani da su, aka ba Malam Jatau wayar hannu. Wannan duka bai taɓa jigon wasan ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Yawancin mazauna Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha Hausa ba harshensu na gado ba ne, musamman bayan rikicin 2000 da na 2002 da suka sa jama'a da dama suka sauya unguwa. Suna jin Hausar kasuwa sarai, amma habaici mai zurfi yakan wuce su. Wasu daga cikin matasan sun ba da shawarar a bi sawun Usman Baba Pategi, wanda ya yi fice a Samanja Mazan Fama ta hanyar gauraya Hausa da Turancin bariki. A ra'ayin mai wannan nazari, hakan bai dace da wannan wasa ba. Samanja soja ne, gauraya harshe halinsa ne. Jatau kuwa attajiri ne mai ji da kansa, kuma abin dariyar shi ne yadda mai iya magana irinsa ya kasa jin maganar masu ba shi shawara. Abin da aka yi shi ne barin karin maganar yadda take, a sa wani ɗan wasa ya mayar da martani da fuska ko da jiki, har ma'anar ta fito.

Akwai kuma abin da ba a zata ba. An ɗauka faɗuwar Jatau, bayan Kyallu ta cinye dukiyarsa, ita ce za ta fi ba da dariya, sai ga shi manyan da ke wurin sun yi tsit. Mai yiwuwa dalilin shi ne da yawansu tsofaffin ma'aikatan masaƙu ne, irin su KTL wadda aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, sun san yadda mai gida ke wayar gari ba shi da na cefane ba tare da wata Kyallu ta shigo gidansa ba. Wannan ya nuna kuskure ne a mayar da fitowar ƙarshe wasan tsalle-tsalle. Haka kuma idan aka fito da Kyallu a matsayin muguwa tun daga shigowarta, mai kallo ba zai gane abin da ya ruɗi Jatau ba. Tilas ta fara sace zuciyar 'yan kallo kafin ta juya wa mijinta baya.