Dalilin Begen Wasannin Faɗan Sinawa

Daga cikin wasannin silima da suka shigo ƙasar nan, in an ɗebe na Indiya, babu waɗanda suka kama zukatan samari kamar na faɗan Sinawa da aka shirya a Hong Kong. Dattawan da suka kalle su a Plaza ko El-Dorado ta Kano har yanzu suna begensu, da dalili kuwa.

Na farko, da hannu ake faɗan. A cikin Fist of Fury na 1972, Bruce Lee almajiri ne wanda aka kashe malaminsa da guba a Shanghai, ya shiga makarantar Japanawa shi kaɗai ya tarwatsa su. Talakan da ya sha wulakanci, in ya ga wannan, sai ya ji an share masa hawaye.

Na biyu, gwanintar ba ta samuwa sai da wahala. Babban rabon The 36th Chamber of Shaolin na 1978 ɗibar ruwa ne da shan horo. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san wannan.

Amma fa suna da aibi. Labarinsu galibi ramuwar gayya ce, mugu kuwa ba a ba shi wani hali sai mugunta. Yaro yakan kwashi naushin, ya manta cewa shi jarumin na Shanghai bakin bindigogi ya ƙare.

Duk da haka sun fi yawancin na yanzu, domin jikin ɗan wasa ne ya yi aikin da yau ake bar wa kwamfuta. Bruce Lee ya rasu a 1973 yana da shekara 32, har yau kuwa da shi ake gwada masu wannan sana'a.