'Yar Ƙauye A Littattafanmu

'Yan'uwana mata, yau da kaina zan fara, don laifin da zan yi magana a kai ni ma na aikata shi.

A littafina na farko na saka wata yarinya 'yar wani ƙauye a ƙasar Kiru. Na ce ƙafarta duk faso, ba ta san cokali ba, ta ga fanka tana juyawa ta ruga da gudu. Sai ga saurayi ɗan Jami'ar Bayero da mota, ya ɗauke ta, ya wanke ta, ta zama mutum. Littafin ya yi kasuwa, ba zan ɓoye ba. Amma da na je garinmu biki, 'yar ƙanwar babata, wadda ke karanta wa matan gida littafi bayan isha'i, ta ce min, "Yaya, ashe haka kuke kallonmu?" Wallahi na rasa bakin magana.

Na san inda muka ɗauko wannan salo. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma. To amma ku duba da kyau. Abu da ƙafarta ta gudu, da ƙoƙarinta ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Mu da muka biyo baya sai muka yar da ƙoƙarin yarinyar, muka riƙe dariyar ƙauyanci, ladar kuwa muka miƙa wa namiji.

Wai ma wane ƙauye muke rubutawa? Kiru ba a bayan duniya take ba. Ki tsaya a Kwanar Dangora: nan hanyar Kano ce, mai Jami'ar Bayero, nan ta Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Wanda ya yi sammako, kafin rana ta take ya isa kowacce. Ga madatsar Tiga a Bebeji, tun da aka gama ta a 1974 ake noman rani da ruwanta, shinkafa da alkama da tumatir. Ga masarar Tudun Wada da Doguwa. Wannan ɗan jami'ar namu mai ƙamshin turare, tuwon da ya ci jiya da daddare wata 'yar ƙauye ce ta sussuke hatsinsa ta sheƙe, amma da wuya mu ba ta ko shafi ɗaya.

Abin da ya fi damuna, 'yan matan can suna karanta mu. Kullum muna nuna musu cewa ba a shiga birni ko jami'a sai a motar miji.

Ita 'yar'uwar tawa ta gama sakandare, karatun ungozoma take so. Ta ce in na sake rubuta 'yar Kiru, don Allah in bar ta ta sayar da akuyarta ta hau motar haya da kanta. Na fara. Ina babi na uku yanzu, saurayin bai shigo ba tukuna.