Ina Mutanen Fada a Labaran Archei?

Masu rubuta labarin tafiya da masu ɗora bidiyo a YouTube sun iya nuna kwazazzabon Archei, kusa da garin Fada a arewa maso gabashin Chadi. Ga duwatsu masu tsayi, ga 'yan kadojin da suka rage a tafkin ƙasa, ga tunatarwa cewa UNESCO ta sa Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Sai su zarce arewa zuwa Ounianga, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke riƙe da tafkuna 18.

Amma Fada a wurinsu zangon sayen mai ne kawai. Tubawan da ke koro raƙuma zuwa Archei kuwa ado ne a hoto, ba a tambayarsu komai, alhali ruwan nan da baƙo ke sha'awa shi ne rayuwar garkensu.

Adabinmu ma bai tsira ba. A Shaihu Umar, hamada hanyar wahala ce da ake ƙetarawa. Muna jiran marubucin da zai kwana a Fada, ya saurari masu raƙuma kafin ya ɗauki alƙalami.