Talaka a Bakin Kuntigi da Gurmi: Tsokaci a kan Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji

Manazarta sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida: na fada, na sana'a, na jama'a. Wannan maƙala tana ganin rabon ya takura, in aka auna shi da waƙoƙin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da na Haruna Uji, makaɗin gurmi na Haɗejiya.

A Waƙar Karen Mota, Ɗan Maraya ya ɗauki yaron direba, wanda ba shi da sarauta balle abin kyauta, ya ajiye shi a gurbin da makaɗan fada suka tanadar wa sarki. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, kuma babu 'yan amshi. Saboda haka kiɗa ba ya danne magana, kowace kalma sai ta isa kunne. Haruna Uji kuwa, a waƙoƙinsa na soyayya irin su Jummai, ya nuna cewa begen talaka ma abin waƙa ne.

Sai dai duka biyun faifai da rediyo ne suka ɗaukaka su. Masunci da manomin fadamar Guri, waɗanda ambaliyarsu ta canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, kachala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa, su ma suna waƙa a bakin aiki. Nazarin da ya tsaya ga faifai, rabin muryar talaka kaɗai ya ji. Wajibi ne mu ɗauki rikoda mu shiga fadama.