Zaɓen Manhajar Lissafi ga Yaro Mai Hazaƙa da Ke Karatu a Gida: Sharhi daga Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Koyar da yaro boko a gida ba al'ada ba ce a Borno, larura ce ta kawo shi. A shekarar 2014 rikicin Boko Haram ya sa an rufe makarantun gwamnati a jihar, wasunsu a Maiduguri suka zama matsugunin 'yan gudun hijira. Annobar korona ta sake rufe su a 2020, haka kuma ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. A kowane karo an sami iyayen da suka ɗauki alli da kansu, wasu kuma suka tarar ɗansu ya ƙare lissafin ajinsa da wuri yana neman ƙari. Wannan sharhi zai duba hanyoyi uku da irin waɗannan iyaye ke bi idan yaro ya kusanci aljabara, wato lissafin da ake sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba.

2.0 Ma'aunin da Muka Ɗauka

A ra'ayinmu, saurin ba da amsa ba shi ne shaidar cewa yaro ya isa shiga aljabara ba. Shaidar tana ga abubuwa biyu. Na farko shi ne fahimtar alamar daidai. A rubuta wa yaro 8 + 4 = __ + 5. Wanda ya cike da 12 ya ɗauki alamar a matsayin umurnin "kawo amsa". Wanda ya sa 7 ya gane cewa sikeli ce mai hannu biyu, kuma a kan wannan ganewa aljabara ta ginu. Na biyu shi ne lissafin juzu'i, irin su rabi da sulusi da rubu'i. Binciken da Robert Siegler da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, bisa bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, ya nuna cewa sanin juzu'i da rabawa a firamare yana nuna yadda yaro zai yi a aljabara bayan shekaru biyar zuwa shida. Da wannan ma'auni za mu auna kowace hanya.

3.0 Littattafan Manhajar Ƙasa

Manhajar ilimi ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara, wadda aka fara aiki da ita a 2008 aka kuma yi mata bita a 2012, ta sa gurbin cikewa tun a firamare, kafin a kai ga haruffa. Wannan jeri ne mai ma'ana. Littattafan da suka bi shi, kamar New General Mathematics da jerin na ƙungiyar malaman lissafi ta MAN, suna da yalwar aikin gwaji, kuma su ne za su sauƙaƙa wa yaro komawa aji da fuskantar jarrabawa.

Sai dai an rubuta su ne don aji mai malami. Babi kan taɓa batu, na gaba ya koma wani fanni, sai baɗi a dawo kansa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa kan haddace misalin da aka warware, ya kwaikwaye shi sau ashirin, uba ya ga duk daidai ne ya sayo littafin aji na gaba. Ta haka ake samun yaron da zai ce "a tsallakar da lamba, alamarta ta canja", amma ya kasa faɗin dalili. Ga kuma matsalar harshe: yaron da ke tunani da Barbarci ko Hausa yakan faɗi a tambayar zube saboda Ingilishinta, a ɗora laifin a kan lissafinsa.

4.0 Kundin Tsofaffin Tambayoyi

Hanya ta biyu ita ce dogaro da tambayoyin jarrabawar shiga sakandare na shekarun baya. Suna da araha, suna kuma saba wa yaro da aiki cikin ƙayyadadden lokaci. Amma awo daban, abinci daban. Tambayar zaɓi-ɗaya tana koya wa mai wayo ya gwada amsoshin da aka jera har ya dace, alhali aljabara na buƙatar ya gina hujja layi bayan layi. Ba mu ga dalilin ɗaukar waɗannan kundaye a matsayin manhaja ba.

5.0 Manhajojin Ƙetare

Daga cikin waɗanda ake samu ta intanet, wadda ta fi cika ma'auninmu ita ce Primary Mathematics ta ƙasar Singafo, da aka fara bugawa a 1982. Dabararta ita ce zana sanduna. Idan kuɗin Modu ninki uku ne na kuɗin Falmata, jimlarsu naira 2,400, yaro zai zana sanda ɗaya ga Falmata, uku ga Modu, ya ga kashi huɗu ne, kowane naira 600. Ranar da aka rubuta masa x + 3x = 2,400 ba baƙon abu zai gani ba. Aibinta shi ne tsada, da misalan da suka yi nisa da rayuwarsa. Darussan bidiyo irin na Khan Academy kyauta ne, amma suna buƙatar wuta da kuɗin data. Tarihi ma ya yi gargaɗi: lissafin zamani da aka shigo da shi a shekarun 1960 an soke shi a 1977, kuma ƙarancin malaman da suka fahimce shi na cikin dalilan. Dabarar da mai koyarwa bai laƙanta ba, ba ta amfanar ɗalibi.

6.0 Taskar da Aka Manta

Kalmar aljabara ta samo asali ne daga sunan littafin Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban sashensa kan wasiyya da gado ne. Wannan fanni yana raye a zaurukan malaman Borno. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji na da rabi, su kuma sulusi biyu. Idan aka kasa dukiyar shida, ana bukatar kashi uku da kashi huɗu, wato bakwai. Yaron da ya zauna da wannan har ya gano dalilin da ya sa malamai ke mayar da asalin zuwa bakwai ya san juzu'i fiye da wanda ya ƙare babi uku a guje. Littattafan boko ba su ci moriyar wannan taska ba, kuma muna ganin asara ce.

7.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a riƙe littafin manhajar ƙasa a matsayin ƙashin baya, a aro zanen sanduna, a ƙara da mas'alolin gado da na kasuwa, a kuma bar yaro ya bayyana dalilinsa da harshen da ya fi iyawa kafin ya rubuta. Kada a ba shi littafin gaba sai ya iya faɗin dalilin da ya sa raba 3 da rabi ke ba da 6. Ga masu tsara manhaja kuwa, akwai buƙatar jagorar iyaye cikin Hausa da Barbarci, mai ɗauke da tambayoyi masu zurfi ga yaron da ya riga sa'o'insa.